Mutum Biyar da Na'urar da Ba Ta Jira

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Mutum Biyar kowa ke ce masa, tun daga mai gadin gidan cin abincin da yake wasa har matarsa in ta so tsokanarsa. Dalilin sunan kuwa, in ka zauna ka ba shi baya kana cin abincinka, sai ka rantse makaɗa biyar ne ke aiki: mai ganga, mai caki, mai jita mai kaurin murya, mai jita siririya, da mawaƙi. In ka waiwaya sai ka ga mutum ɗaya tal, mai furfura a gemu, zaune a kujerar roba, wayoyi sun kewaye ƙafafunsa kamar saiwar bishiya.

Da can su biyar ɗin ne da gaske. Mai gangarsu ya sami aikin tuƙi, ya ce ya gaji da zaman jiran a kira su. Mai jita mai kauri ya bi dangin matarsa wani gari. Mawaƙinsu, wanda ya fi kowa baki da dariya, ya kwanta ciwon kwana huɗu ya rasu. Mai caki kuwa har yau ba wanda ya san inda ya shiga. Aka bar shi da jita ɗaya da 'ya'ya uku.

A lokacin ne ya sayi feda a hannun wani mai sayar da tsofaffin kayan sauti. Ƙaramin akwatin ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa. In ka taka, ta fara ɗaukar abin da kake kaɗawa. In ka sake takawa, ta rufe, ta shiga maimaita shi, zagaye bayan zagaye, ba ta gajiya. Sai ka ajiye ganga ka ɗauki caki, ka taka, ka ɗora a kai. Haka har biyar. Asirin abin duk a ƙafa yake. In ka makara da takawa ko da ƙiftawar ido ce, wannan 'yar makarar za ta dawo a kowane zagaye, duk abin da ka ɗora a kai kuma sai ya yi ɗingishi tare da ita.

Shekara goma sha huɗu ƙafarsa ta dama ba ta makara ba. Asabar da Lahadi, daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma, yana ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gidan cin abincin, tsakanin famfon wanke hannu da tukwanen furanni. Sauran ranakun mako yana gyaran lasifika a ɗakin gaba na gidansa, amma wannan bai taɓa kiransa aiki ba. In ya ce zai tafi aiki, rumfar yake nufi.

Yana da yadda yake yi. In ya shimfiɗa gangar, ba ya gaggawa. Sai ya bar ta tana zagayawa, ya ɗaga kai ya dubi mutane.

"Barka da zuwa, likita. Yau an sake ka da wuri."

"Malama, ina jikar tawa? Kin bar ta a gida don kada ta cinye miki nama?"

Daga fuskokinsu yake sanin abin da zai ɗora na gaba. In ya ga masu hira ce mai nauyi, ya sassauta. In ya ga yara na kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ɗauki caki. Waƙa ɗaya takan yi minti huɗu, takan yi sha biyar. Shi kansa ba ya sani sai ta ƙare.

Ciwon suga ne ya shigo masa ta ƙafa. Da fari ji yake kamar yana taka auduga. Daga baya takalmi kan zame masa a hanya, sai ya yi taku uku kafin ya lura. Likita ya ce jijiyoyin ne, ya rubuta magani, ya ce a kula da ƙafar, amma bai ce za ta dawo ba. Mutum Biyar ya gwada cire takalmi ya taka fedar da tafin ƙafa. Ya gwada ta hagu, ya tarar ita ma ta kama hanya. Ya gwada zuba wa ƙafar ido yana takawa, sai ya gane ido bai kai kunne sauri ba. Wani lokaci ya taka bai sani ba, wani lokaci ya zaci ya taka alhali bai taka ba. Kiɗan ya fara tuntuɓe.

Wata Lahadi yana naɗe wayoyi, Manaja ya zo ya tsaya a kansa. Mutum ne mai ladabi, shi ma kullum idonsa ja saboda tsayuwa.

"Baba, ina son magana."

"Ina jin ka, Manaja."

"Ni ban san kiɗa ba, ka sani. Amma ko ni na ji yana ɗingishi. Yau tebur biyu suka tambaye ni ko lasifikar ce ta lalace." Ya sosa ƙeya. "Mai gidan ya ce a sa waƙa daga waya kawai, a huta. Na roƙa maka. Ya ce mako biyu. Asabar ta sama zai zo da kansa ya ji. In abin bai gyaru ba, Baba, ba ni da bakin da zan ƙara."

"To. Na gode."

"Ba don ba na so ba ne."

"Na sani. Ka je, ana kiran ka."

Bai gaya wa matarsa ba sai Litinin da safe. Tana kan keken ɗinkinta a ɗakin da yake gyare-gyarensa. Ta tsayar da keken, ta dube shi ta saman tabarau. Ta ɗauki waya ta kira ƙanwarsa.

Auta ake ce wa ƙanwar tasa, ko da yake ta haura arba'in kuma tana da 'ya'yanta huɗu. A gidan rediyo take aiki, ita ke yanka tallace-tallace tana haɗawa a kwamfuta. Tana tashi daga aiki ta zo, da tsohuwar kwamfuta a jaka, ta ture lasifikokin mutane gefe ta ɗora ta a kan teburinsa.

"Yaya, shekara nawa ina ce maka ka bar wannan akwatin? Kai ka ce kwamfuta ta malalata ce."

"Har yanzu ban canza ba."

"To matso, malalaci, ka gani."

Ta buɗe manhajar. Layuka ne a jere a allon, kowane da launinsa. Ta nuna masa da farce. Wannan na ganga, wannan na caki, biyu na jita, na ƙarshe na murya. Ta ce za ta tsara su yadda kowane layi zai buɗe kansa da kansa in lokacinsa ya yi, ya ɗauki bugu goma sha shida, ya rufe, ya shiga maimaitawa, sannan na gaba ya buɗe. Ba feda, ba ƙafa. Shi dai ya danna dogon madannin nan sau ɗaya a farkon waƙa, ya bi ƙas-ƙas ɗin da zai riƙa ji a kunnensa.

"Wa zai gaya mata na shirya?"

"Ba mai gaya mata. Kai za ka shirya."

"In ban shirya ba fa?"

"Ta ɗauki shirunka ta yi ta maimaita maka shi."

Matarsa ta ce daga kan keke, "Ai kuwa da an huta. Ni a gidan nan ban taɓa jin shirunsa ba."

Kwana goma suka yi suna abu ɗaya. Auta ta zo da yamma, ta cire takalmi, ta sha shayi, ta zauna gaban allon. Shi kuma iyafis a kunne, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɗigon famfon da ya ƙi rufuwa. Hannunsa bai da matsala, hannun nan ya san aikinsa. Matsalar ita ce tsakanin layi da layi. Bugu huɗu ta ba shi ya ajiye ganga ya ɗauki caki. Ya ce ba su isa ba. Ta mayar takwas. Ya ce a takwas ɗin ina zai gaisa da mutane?

"Ba za ka gaisa ba."

"Likita ya shigo in yi kamar ban gan shi ba?"

"Ka gaishe shi da gira. Yaya, ka fahimce ni. Makirufon nan ɗaya ne, shi ke ɗaukar ganga, shi ke ɗaukar caki, shi ke ɗaukar muryarka. In layi na buɗe, ko tari ka yi ya shiga. Ka kama bakinka har sai ka ji zagayen ya dawo."

"Abin nan ba ta jira."

"Ba a yi ta don jira ba."

Ya murza kunnen da iyafis ɗin ya gasa. Da can in ya gama wasa, gajiyar a kafaɗa take, ruwan zafi ke sauke ta. Wannan kuwa a cikin kai take zama. Ko ya cire iyafis ɗin, yana cin abinci yana jin ƙas-ƙas, yana tauna a kan bugu.

Abu ɗaya ya ƙi sauraron Auta a kai. Ta ce ya ajiye kwamfutar a gabansa, inda zai ga jan alamar da ke nuna layi na buɗe, inda kuma hannunsa zai kai in wani abu ya faru. Ya ce faufau.

"Su ga kwamfuta a gabana su ce ita ke kiɗan? Shekara sha huɗu ina zufa."

"To a ina za ka sa ta?"

"A bayana. In rufa mata zane."

"Girman kanka ya fi ƙarfina," in ji Auta. "Ni ranar ina aiki ma, ba zan ga abin kunya ba."

Asabar ɗin ta zo da zafi. Ya isa tun ƙarfe ɗaya, ya jona komai, ya ɗora kwamfutar a kan akwatin lemo a bayan kujerarsa, ya lulluɓe ta, ya bar madannin kawai a waje. Fedar ya bar ta a gida. Wurin da take zama a ƙasa har ya yi alama, siminti ya fi haske a nan. Ƙarfe biyu da kwata mai gidan ya shigo da wata tsohuwa, mahaifiyarsa, suka zauna a teburin lungu. Manaja ya yi masa alama da ido.

Ya juya, ya danna, ya juyo.

Waƙa ta farko ta fita sumul. Ganga ta zauna daram, caki ya hau, jita ta hau, ba tuntuɓe ko ɗaya. Minti huɗu cif ta kashe kanta. Aka ɗan tafa. A tsakiyarta malamar nan mai jika ta shigo ta ɗaga masa hannu, shi kuwa yana ƙirga sha ɗaya, sha biyu, bai iya ko gyaɗa kai ba. Ta sauke hannun a hankali ta nemi wuri. Ta biyu ma ta fita lafiya.

A ta uku ne jikinsa ya ɗan saki. Ya shimfiɗa ganga. Ya ɗauki caki, yana kaɗawa, yana jin daɗin yadda ya zauna. A bugu na sha biyu, inda a wannan waƙar ya saba rufewa tun shekaru, ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta ta taka simintin da babu komai a kai. Ƙafar ba ta ji ba feda a wurin ba, dama ba ta jin komai. Shi kuwa a zuciyarsa an rufe. Ya ajiye caki, ya sunkuya zai ɗauki jita, sai bayansa ya riƙe.

"Wash! Wayyo bayana."

A hankali ya faɗa, irin wanda mutum ke faɗa wa kansa. Amma bakinsa na daf da makirufo, layin caki kuma saura masa bugu huɗu.

Zagayen ya dawo. Ganga, caki, caki, caki, sannan daga lasifika biyu, da muryarsa tsaf: "Wash! Wayyo bayana."

Cokula suka tsaya. Wani yaro ya waiwaya.

Ya so ya juya ya kashe, amma jita na rataye a wuyansa, bayansa ya ƙi juyuwa, kwamfutar tana can ƙarƙashin zane, kuma a kunnensa ƙas-ƙas na sanar da shi layin jita ya riga ya buɗe. Hannunsa ya faɗa kan tsirkiya don bai san wani abin yi ba. Ya kaɗa. Zagayen ya sake dawowa.

"Wash! Wayyo bayana."

Wannan karon wani ya tuntsire da dariya daga wajen famfo. Zufa ta gangaro masa ta gemu. Bai dubi teburin lungu ba. Ya kaɗa jita ta biyu, nishin ya dawo na uku, na huɗu, kowane a kan bugu, daram, fiye da duk wani abu da ya kaɗa a shekarar nan. Da layin murya ya buɗe, baitin waƙar ya riga ya gudu daga kansa. Waƙar soyayya ce, ba yadda za a yi ta zauna da wannan nishin. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da ke ransa.

"Na tashi da safe, gwiwa ta ce ba ta zuwa," ya rera, lasifika ta amsa, "Wash! Wayyo bayana."

"Na je wajen likita, ya ce in rage tsayuwa."

"Wash! Wayyo bayana."

A na uku wani dattijo ya amsa tare da lasifikar. A na huɗu rabin tsakar gidan suka amsa. Mai kawo abinci ta wuce da faranti huɗu a hannu, ta dafa ƙugu da gwiwar hannu ta ce wash ɗinta, aka sake fashewa. Shi bai yi dariya ba. Ƙirga yake, yana roƙon minti huɗun su cika. Da suka cika, na'urar ta yanke komai lokaci guda, a tsakiyar tafi.

Ya ƙarasa sauran waƙoƙin bakinsa a rufe tsakanin layuka, ƙafar dama kuma ya maƙale ta a bayan ƙafar kujera.

Ƙarfe biyar yana naɗe wayoyi Manaja ya zo, fuskarsa a sake.

"Baba! Ashe kana da irin wannan ka ɓoye mana?"

"Kuskure ne, Manaja."

"Kuskuren me? Tsohuwar nan sai da ta share hawaye. Ta ce wa mai gidan in ya taɓa ka, ita da shi ne." Ya rage murya. "Aikinka na nan. An gama magana. Abu biyu kawai ya ce. Waƙoƙin su ci gaba da zama gajeru kamar na yau, don tebur ya riƙa tashi da wuri. Sannan waƙar wash ɗin nan, kullum a yi ta. Asabar da Lahadi."

"Kullum."

"Kullum, Baba. Har an ɗauke ka a waya."

Mutum Biyar ya gyaɗa kai. Ya nemi malamar nan mai jika don ya ba ta haƙuri, aka ce ta daɗe da tafiya. Ya ɗauki jakar wayoyi a kafaɗa ɗaya, jita a ɗaya, ya fita bakin titi neman mota, yana duba ƙasa don ya tabbata takalmansa biyu na tare da shi.

Da ya gaya wa matarsa ba a sallame shi ba, ta ce alhamdulillahi har sau biyu, ta tashi ta ɗora masa ruwan zafi. Sauran labarin bai ba ta ba. A wayar maƙwabciya ta gani washegari, ta shigo tana danne dariya, ta ga fuskarsa, ta haɗiye.

Litinin da yamma Auta ta zo. Ta buɗe kwamfutar, ashe manhajar ta adana duk abin da aka yi ranar Asabar, layi bayan layi. Ta sa iyafis, ta saurara, kafaɗunta na rawa.

"Na ce ka kama bakinka."

"Kin ce."

"Na ce ka sa ta a gabanka."

"Kin ce, Auta. Ki bar ni haka."

Ta share ido da gefen mayafi, ta gyara zama. "To yanzu da suke so kullum, ba sai ka wahala ba. Ga shi nan a ajiye, ya fita tsaf. In yanko shi in ɗora a wurinsa, duk lokacin da aka zo bugu na sha uku ya fito da kansa." Ta ja allon ƙasa, tana duba sauran layukan. "Kai, duka ma suna nan. Ganga, caki, jita biyu. Ranar da jikin ya matsa maka, ka danna kawai ka riƙe jita, ba wanda zai—"

Ba ta ƙarasa ba. Keken ɗinki ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon layukan nan masu launi, biyar a jere, kowane cike da aikinsa, ba wanda ke buƙatar ya sake zuwa. Ya miƙa hannu ya murza gwiwarsa.

"Goge su."

"Yaya, ajiya ce kawai."

"Goge su, Auta. Ki bar mini layukan a buɗe, in cika su da kaina. In ranar da ba zan iya ba ta zo, su sa wayarsu."

Ta dubi matar yayanta, matar ta mayar da ido kan ɗinkinta. Auta ta ja numfashi, ta goge ganga, ta goge jita biyu, ta goge murya. Ta tsaya a kan layin caki.

"Har da wash ɗin? Wallahi ba za ka sake samun wanda ya fita haka ba."

Mutum Biyar ya dafa tebur, ya miƙe a hankali don ya ɗauko gangar, bayansa na ƙara.

"Goge," ya ce. "Wannan ba ya yi mini wuyar samu. Kullum da sabo nake tashi."